Takardar Rasuwar Kaka Nedyalka

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Litinin Kawu Kircho ya shigo ofishin jin daɗin jama'a, hula a hannu ɗaya, kular miya a ɗayan. Shi ke kai wa tsofaffin ƙauyuka abincin rana, kuma shekararsa goma sha biyu a kan aikin bai taɓa dawowa da kula cike ba.

Gergana ta ɗago kai daga takardun gabanta. "Kawu, wa ya ƙi miyar yau?"

"Kaka Nedyalka ta ƙauyen Orehitsa," in ji shi. "Ta riga mu gidan gaskiya. Takardar sanarwar rasuwa na nan manne a ƙofar gidanta, da hotonta da baƙin zane a gefe."

"Ka shiga?"

"In shiga gidan makoki da miyar wake? Ƙofar ma a kulle take. Na cire hula na juyo."

Gergana ta ture takardun gefe. Shekara biyu ke nan gidan yana hannunta. Kaka Nedyalka ce ke riƙe da jikarta Zornitsa, 'yar shekara bakwai, tun da uwar yarinyar, Rumyana, ta tafi ƙasar Sifen aikin gona. Ranar Alhamis ma Gergana ta je, tsohuwar ta cika mata jaka da tumatir tana yi mata faɗa wai ta rame.

"Yarinyar fa?"

Kawu Kircho ya duƙar da kai. Bai ga yarinya ba.

Kafin a ce kwabo shugabarsu, Madam Paskaleva, ta kira lambar Rumyana sau uku ba a ɗauka ba, don masu gonar ba sa barin waya a hannun ma'aikata sai an tashi. Sai ta kira wasu mata da miji a birni da ke karɓar riƙon yara.

"Mutanen kirki ne," in ji ta. "Yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta kwana ba babba a kanta, kin san wannan. Buɗe fayil ɗinta ki ga."

Gergana ba ta buƙatar buɗewa. A shafi na uku akwai layin da ake rubuta sunan wanda zai riƙe yaro idan mai riƙonsa ya kwanta ciwo ko ya rasu. Shekara biyu layin nan yana nan fari fat. Duk lokacin da ta tambaya sai tsohuwar ta ce, "Ba ni da kowa a garin nan, duk 'yan gulma ne."

"Ki ba ni zuwa ƙarfe huɗu, Madam," in ji Gergana. "In je in gani da idona. Makaranta saura kwana huɗu a koma, an riga an saya mata jaka. In aka kai ta birni yau, kaka ta tafi, gida ya tafi, ƙawaye sun tafi, duk rana ɗaya."

"Ƙarfe huɗu. In layin nan bai cika ba, ki taho da ita."

A bakin kasuwa Gergana ta sa aka tsaya ta sayi jajayen furanni guda shida, don a al'adarsu adadin da ya rabu biyu daidai shi ake kai wa mamaci. Ta sayi biredi mai cuku kuma, saboda ta san a gidan makoki kowa ta kuka yake yi, ba mai tuna cikin yaro. A mota ta riƙa tunanin tata 'yar da ta bari a gidan reno da safe tana ihu a kan takalmi. Ta ciro hankici ta share hanci, ta ce wa Kawu Kircho ƙura ce.

Tun daga kwanar hanya suka hango taro a ƙofar gidan. Mata kusan goma cikin baƙaƙen kaya, da tsofaffin maza uku a kan benci. A gaba kuwa Inna Todorka ce, maƙwabciyar Kaka ta jikin katanga, da ƙaton kwanon dafaffiyar alkama da sukari irin wadda ake rabawa don mamaci. Gergana ta yi mamaki. Kowa ya san matan nan biyu shekara shida ba su ce wa juna uffan ba, tun ranar da akuyar Todorka ta tsallaka ta cinye kabejin Nedyalka layi biyu.

Inna Todorka na ganin motar ofis ta dire kwanon a hannun wata, ta tare hanya.

"Ke 'yar gwamnati, na san abin da ya kawo ki. To, ki buɗe kunnenki. Yarinyar nan ba inda za ta."

"Inna, ina yarinyar take?"

"Ban sani ba! Tun safe nake bugun ƙofa. Ƙila da asuba aka ɗauki Nedyalka zuwa asibiti aka tafi da yarinyar, ni kuma barcin tsiya ya danne ni." Ta rushe da kuka, ta kuma katse shi da kanta. "Amma in ta dawo, gidana za ta. Ɗakin ɗana yana nan a share. Na san ba ta cin albasa, na san tana tsoron agwagwa, na san tarinta na sanyi. Ta katanga nake jin komai. Su mutanen birnin me suka sani?"

Gergana ta dube ta da kyau, ta adana maganar nan a ranta. Sannan ta matsa ga ƙofa. Ga takarda nan da ƙusoshi huɗu, ruwan daren jiya ya jiƙa ta. Hoton wata kyakkyawar mace ce 'yar kimanin arba'in, gashi a naɗe, da ɗan kunne. Ga suna, ga ranar haihuwa. Wurin ranar rasuwa kuwa ba komai.

"Jama'a," in ji ta, "akwai wanda ya karanta takardar nan?"

Wani tsoho daga kan benci ya ce, "Karatun me? Ga hoto."

Ba ta kai ga ba shi amsa ba suka ji ƙarar baro daga hanyar rafi. Baron cike yake da jan tattasai har ya yi tozo, Zornitsa na gaba tana jan igiya, a baya kuma Kaka Nedyalka ce ke turawa, ɗankwali a karkace, tana haki.

Wata mata ta ƙwalla ƙara. Maza suka miƙe suna zana gicciye a ƙirji. Kawu Kircho ya rasa ko ya sa hularsa ko ya ci gaba da riƙe ta.

Kaka ta ajiye baro, ta bi baƙaƙen kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu?"

"Ke!" in ji Inna Todorka. "Ke kika mutu, tsohuwar banza! Tun ƙarfe tara nake tafasa miki alkama!"

"Au, takardar?" Kaka ta gyara ɗankwali. "Gwadawa nake. Ta mijina marigayi Ilko ba ta yi wata biyu ba ruwa ya wanke fuskarsa, ya koma kamar dankali. Na ce wa yaron shagon ɗab'i ni ba za a yi mini haka ba. Jiya rediyo ya ce za a yi ruwa, sai na manna in ga ko tawadarsa za ta riƙe. Da safe muka fita ta ƙofar baya, na manta."

"Wannan hoton kuma na wace ce? 'Yarki?"

"Ni ce, baƙin ciki zai kashe ki."

Dariya ta ɓarke, har masu hawaye a kumatu. Gergana ma ta yi, amma idonta na kan Zornitsa. Yarinyar ba ta dariya. Motar ofis take kallo, ta ƙanƙame igiyar baro. Gergana ta tsuguna a gabanta ta miƙa mata biredin.

"Anti, da ni za ki tafi?"

"Ci wannan tukuna. Ni da Kaka za mu yi magana."

Ta koma gefe ta kira ofis. Madam Paskaleva ta yi dariya har da tari, sannan muryarta ta sauka.

"Na ji daɗi, wallahi. Amma Gergana, mace ta manna takardar mutuwarta da hannunta. Ko dai kanta ya fara taɓuwa, ko kuma ta san wani abin da ba mu sani ba. Ranar da takardar ta zama gaskiya fa? Maganata tana nan. Layin nan ya cika, ko ki taho da yarinyar har uwarta ta dawo."

Gergana ta sami Kaka a bayan gida tana hura wutar gashin tattasai. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki wuƙa ta fara cire hancin tattasan kamar aikin da ya kawo ta ke nan.

"Kaka, kanki ƙalau yake, na sani. Gaya mini gaskiya. Me ya kai ki shagon ɗab'i?"

Tsohuwar ta daɗe tana juya itace.

"Jiri nake yi, 'yar nan. Wata biyu ke nan. Ran nan a wurin kaji na faɗi, na tashi ba wanda ya gani. Na ce in abin ya zo, kada a bar yarinya da neman hoto a akwati."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"In gaya miki ki ɗauke ta?"

"Ɓoyewar ce za ta sa a ɗauke ta. Jiri akwai likita, ranar Laraba zan zo da kaina in kai ki, ƙila hawan jini ne kawai. Abin da ba ni da shi suna ne. Ina so kafin ƙarfe huɗu."

"Na gaya miki ba ni da kowa."

"Mutum goma sha uku na ƙirga a ƙofarki da baƙin kaya. Ɗaya ta tare mini hanya kamar za ta doke ni." Sai ta maimaita mata maganar Inna Todorka kaf, da ɗakin da ke share, da albasa, da agwagwa, da tarin sanyi.

Kaka ta ɗago kai. "Ita ta faɗi haka?"

"Na faɗa!" Murya ta fito daga bayan katanga, kan Inna Todorka ya leƙo. "Amma da na faɗa ai gawa ce ke. Yanzu da kika tashi, sai na sake shawara."

"Kin gani ko? Laɓe. Shekara shida tana laɓe."

"Da ban laɓe ba wa zai san kin faɗi a wurin kaji? Na gani sarai. Na riga na ɗora ƙafa a katanga kika miƙe."

Gergana ta ciro fom da biro ta ɗora a kan katangar. "Inna, zan faɗa miki abin da ke ciki, kada ki sa hannu a duhu. In Kaka ta kwanta, Zornitsa gidanki za ta kwana, ke za ki kai ta bakin motar makaranta. Zan zo in duba ɗakin, in duba murhu, in duba rijiya ko tana da murfi. Za ki riƙa leƙo Kaka kowace safiya, ta ƙofa, ba ta katanga ba. Da yamma zan kira Rumyana, sai ta yarda ita ma."

"Rumyana a bayana ta yi wayo, za ta yarda," in ji Inna Todorka. Ta dubi Kaka. "Sai dai waccan ta roƙe ni."

"In roƙe ki? Ki fara ba kabejina haƙuri."

Gergana ta duba agogo. Uku da kwata. Ta juya kai wajen Zornitsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofar kicin da guntun biredi a hannu tana kallon su. Tsofaffin biyu suka bi inda take kallo.

Kaka ta goge hannu a gaban riga. "Todorka," in ji ta, "sa hannun."

"Ba shi ke nan ba." Inna Todorka ta karɓi biro ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe har ya haye layi na ƙasa.

Gergana ta ɗauki hoton shafin ta tura ofis. Amsa ta zo da kalma ɗaya: Madalla. Ta je wurin Zornitsa ta gyara mata maɓallin riga da ya sauka rami ɗaya.

"A gadonki za ki kwana. Ranar Juma'a kuma makaranta."

Yarinyar ta ruga ta faɗa jikin kakarta har tsohuwar ta yi taga-taga.

Masu makoki tunda sun riga sun bar aikinsu, sai suka naɗe hannun baƙaƙen rigunansu suka zauna gashin tattasai. Kawu Kircho ya ɗumama miyar wake. Kaka ta rantse ba za ta ci alkamar mutuwarta ba, daga baya ta ɗanɗana cokali ɗaya ta ce sukari ya yi kaɗan, ashe ko a gawa Todorka sai ta yi mata rowa.

Da Gergana ta tashi tafiya sai ta tuna furannin da ke kan kujerar mota. Ta ɗauko ta miƙa. Kaka ta ƙirga da ido ta ja da baya.

"Shida? Ni za ki ba shida?"

Gergana ta zare ɗaya ta soka wa Zornitsa a gashi, ta ba Kaka biyar. A bakin ƙofa ta ciro ƙusoshi huɗun nan ta naɗe takardar.

"Ba ni abata," in ji Kaka. "Dubi kunnen hagu, tawadar ta zuba. Sai na mayar wa yaron nan."

"Tana fayil ɗina," in ji Gergana, ta sa a jaka ta ja zif. "Laraba ƙarfe takwas, Kaka. Kada ki karya kumallo, za a ɗibi jini."