Ɗumamen Mushe Éphraïm

Mushe Éphraïm ya rungume na'urar ɗumama abinci a cinyarsa, ya ce wa mai kabu-kabu ya bi ta bayan kasuwa, kada 'yan majami'arsu su gan shi. Sai da ya bari matarsa Marguerite ta fita aron tukwanen Kirsimeti, sannan ya kwashe daddawa da sukarin da take ajiyewa a ciki, ya sulale.

Tun da 'yarsa Sylvie ta aiko da na'urar daga Yamai, babu wanda bai sha labarinta ba a Dogon Dutsi. Tsohon malamin makaranta ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, ya kuma saba a saurare shi. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya san yadda ya yi ya sako zancen na'urar tasa, mikro-ond. Duk ranar da Sylvie ta kira kuwa, sai ya ce mata yanzun nan ya ɗumama tuwon geronsa a ciki, ya yi laushi har tsakiya. Alhali bai taɓa jona ta da wuta ba, don tsoron kuɗin lantarki. A murhu Marguerite ke yi masa ɗumame, yana ci yana lasar yatsa.

Jiya Sylvie ta ce tana tafe da mijinta cin Kirsimeti. Ya faki ido ya jona na'urar don ya koyi latsa ta, ko ƙyas ba ta ce ba. Hankalinsa ya tashi. Yarinya ta yi masa kyauta ya bar ta ta lalace, ga kuma ƙaryar da za ta tonu a gaban suruki.

Sha'ibu mai gyaran rediyo da fanka ya kwance bayanta, ya leƙa, ya kawar da hanci.

"Mushe, wagga ta daɗe da mutuwa. Daddawa kuka dahwawa ciki?"

"Shekaranjiya ma da ita na ci ɗumame."

Sha'ibu ya dube shi, ya dubi yanar gizo-gizon da ke ciki, ya ce, "To, Allah mai iko." Ya bayyana masa cewa abin da ke kawo zafin ne ya ƙone. Akwai irinsa a jikin wata da wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya bari, amma da ya saye shi gara ya ƙara kaɗan ya ɗauki wata ta hannu. Ya faɗi kuɗin. Mushe ya nemi benci ya zauna.

"Ba wata nika so ba. Ɗiyata ta san kayanta."

"Kai ka sani, Mushe. Ni dai na hwaɗi gaskiya."

Abu ɗaya ya mallaka da zai kai wannan kuɗi: bunsurun da Marguerite ta yi wata da watanni tana tura wa dusa da harawa saboda baƙi. Yana ɗaure a gidan ƙaninsa, inda ake da rumfa. Mushe ya je ya kwance shi, ya ja shi kasuwa yana tirjiya. Mahautan sun ga gaggawa a fuskarsa, suka yi masa tayin wulaƙanci, ya sallama. Ya ji zafin abin har cikin ransa, amma ya lallashi kansa da cewa mutunci ya fi nama.

Da la'asar, bayan ya biya Sha'ibu an yi gyaran, ya dawo gida, ya tarar da Marguerite tsaye a kan daddawarta, tururuwa sun yi wa sukarin layi. Ya dire na'urar a tebur, ya jona, ya latsa. Fitila ta kama, faranti ya shiga juyawa. Ya gyara wuyan riga.

"Ta ɗan samu matsala, na kai an duba. Kada Sylvie ta zo ta ga mun yi sakaci."

Marguerite ta daɗe tana kallon farantin.

"Malam, wa ya ce ka gyara? Ai matatta ta aiko ta. Za ta yar, ni na ce ta ba ni, ɓeraye sun hana ni sakat."

"Matatta?"

"Tun Yamai."

"Kuma ba ki hwaɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Kullum kana bisa waya kana ba ta labarin ɗumame, ina zan sa baki?"

"Ita mi taka cewa?"

"Ba ta cewa komi. Buɗe muryar wayar taka yi, mijinta shi ma ya ji. Ya ce in sun zo, a wurinka zai koyi yadda aka latsawa."

Na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Marguerite ta zare wayar na'urar daga bango, ta kakkaɓe tururuwan, ta mayar da daddawa da sukari ciki, ta rufe, ta shimfiɗa ƙyallen adonta a kai. Sannan ta ɗauki kwanon dusa ta miƙa masa.

"Tunda ka dawo, kai wa bunsurun nan. Gobe da sahe mahauci zai zo."

Mushe Éphraïm ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya fita ƙofar gida, ya tsaya yana duban hanya.