Ɗan Mutanen Garo

Malam Sanusi yana tsoron kududdufi fiye da yadda wasu ke tsoron maciji. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da albashin malaman firamare ke zuwa in ya ga dama, ya buɗe makarantar hutu a Gwarzo, a filin da ke bayan gidan mai unguwa Alhaji Badamasi. Yara su zo da safe, a yi karatu, a yi wasa, a ci abincin rana, a tashi bayan la'asar. Iyaye sun ji daɗi, don kusan kowace damina sai kududdufin bayan unguwar ya ci yaro.

Dokokinsa sun isa su sa mutum ciwon kai. Ruwan sha sai an tafasa, kowane yaro da kofinsa, mai tallar awara ba ta wuce bakin ƙofa. Har suna aka sa masa, Malam Duba-gari, kuma bai damu ba. Ba ya karɓar yaro sai ya zaunar da uwa ko uba ya tambaye su ko akwai wani ciwo.

Mai dafa wa yaran abinci ita ce Hajaratu, surukar Alhaji Badamasi, wadda mijinta ya tafi Legas neman abin sawa a baki. 'Yar Garo ce ta ƙasar Kabo. 'Ya'yanta biyu: Tasi'u, ɗan fari, mai shekara tara, da Kamila mai shekara biyar. Tun da aka yaye Tasi'u kakarsa ta wajen uwa ta ɗauke shi zuwa Garo, hutu kawai yake zuwa. Kamar sauran matan gidansu, Hajaratu tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya. Shi ma Yaya yake ce mata.

Ranar da Malam ya yi mata tambayarsa, Alhaji Badamasi yana zaune a gindin darbejiya yana jan carbi. Ta yi bayanin Kamila tiryan-tiryan, daga tarin sanyi har ƙurajen zafi.

"To babban fa?" in ji Malam.

Ta sunkuyar da kai. "Wancan ai na mutanen Garo ne, Malam."

Malam ya yi dariya, Alhaji ma ya murmusa don jin daɗin tarbiyyar surukarsa. Aka wuce wajen. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yaron yana da farfaɗiya. A Garo an rufe maganar ruf, don kada a guje shi, ko kakansa na Gwarzo bai sani ba. Kullum da safe akwai wata 'yar farar ƙwaya da yake sha, kuma hanyar ba shi ita ɗaya ce: Hajaratu ta danƙa wa Kamila ta ce, "Kai wa wancan."

Ana haka sai dattawan unguwa suka zo suka ce yanzu zamani ya canja, bai kamata maza da mata su cakuɗe ba. Malam bai yi musu ba. Aka kafa zana a tsakiyar filin, mata ta wajen murhu, maza ta wajen rabin duron da ake tara ruwan sama don alwala.

Washegari Hajaratu ta makara, itace ya jiƙe, ta fito gida a gurguje ba a ba yaron maganinsa ba. Sai da ta ɗora tukunyar wake ta tuna. Ta kwance gefen zaninta ta ba Kamila ƙwayar. Yarinyar ta nufi ƙofar zanar, Malam ya tare ta.

"Ina zuwa, 'yar Baba? Koma wajen 'yan'uwanki mata."

Kamila ta dawo ta mayar wa uwarta ƙwayar. Hajaratu ta miƙe ta isa jikin zanar. Ta cikin ɓular kara tana hango Tasi'u yana rubutu a kan gwiwarsa, kusa ƙwarai, ko da raɗa ta kira shi zai ji. Ta waiwaya ta ga surukinta a gindin darbejiya, ta buɗe baki ta rufe. Ta ƙulle ƙwayar a gefen zani, ta ce wa zuciyarta ai yini ɗaya ne, in an tashi a ba shi. Abin haushin ke nan, zanar kara da ko akuya ba za ta tare ba ita ta tare uwa.

Da aka kira azahar yara maza suka yi layin alwala. Malam ya tafi inda ya saba tsayawa, ƙofar baya, fuskarsa na kallon kududdufi, kada wani ya sulale. Yana can yana gadin babban ruwa sai ihu ya tashi a bayansa.

"Farfaɗiya! Farfaɗiya ce! Kar ku taɓa shi, ana ɗauka!"

Yaran suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Tasi'u ya sunkuya ɗiban ruwa ciwon ya buge shi, ya kifa da ka cikin rabin duron. Ƙafafunsa na waje suna karkarwa, kansa da kafaɗunsa na cikin ruwan da bai kai gwiwar babba ba. Alhaji Badamasi ya miƙe tsaye, carbi ya faɗi, amma ya kasa ɗaga ƙafa.

Babu wanda ya ga lokacin da Hajaratu ta bar murhu. An dai ji zanar ta yi ƙara ta kwanta, Hajaratu ta bi ta kanta ba mayafi ba takalmi.

"Tasi'u! Tasi'u! Wayyo Allah ɗana!"

Wallahi wannan kiran ya girgiza mutane kusan kamar faɗuwar yaron. Matan maƙwabta da suka leƙo ta katanga suka riƙe baki. Ta cafko rigarsa ta fizgo shi, duron ya kife, suka zube tare cikin taɓo. Kumfa na fita daga bakinsa, leɓɓansa sun yi baƙi. Ta sa hannu tana share kumfar da kowa ke gudu.

Malam ya iso da gudu ya durƙusa. "Kwantar da shi ta gefe! Kar a sa masa cokali a baki, ku ba shi iska!" Ya juya yaron, ya riƙe kansa. Ruwa ya zubo ta hanci da baki. Shiru. Sai wani tari mai ƙarfi ya zo, sannan numfashi.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. Ya ɗago ido jajur. "Ba ana ɗauka ba ne, ƙarya ce! Ke kuma, Hajaratu, kin san da wannan?"

Ta kwance gefen zaninta, ƙwayar ta jiƙe ta zama gari a tafin hannunta.

"Abin da yarinyar nan ta kawo ke nan da safe?" in ji Malam. "Na tambaye ki! A nan wurin na tambaye ki!"

"Baba yana zaune," ta ce a hankali.

Alhaji Badamasi ya dafa bishiyar. "Ni? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saboda ni kika yi shiru? Jikana ne fa, Hajaratu!"

Ba ta ko kula shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta ɗora kan yaron a cinyarta tana shafa goshinsa, tana ta maimaita sunan kamar mai biyan bashin shekara tara. Malam ya aika a nemo mota zuwa asibiti, ya tsaya yana kallon duron da shi da kansa ya ajiye a wurin.

Can sai Tasi'u ya buɗe ido. Ya dubi sama, ya dubi mutanen da suka kewaye shi, bai gane inda yake ba. Sannan ya tsayar da ido kan fuskar da ke kansa, ya saurara.

"Tasi'u, sannu. Tasi'u, ka ji ni?"

Yaron ya motsa baki da ƙyar.

"Yaya," ya ce, "ashe kin san sunana?"