Supap Goma Sha Biyu

Ina tsugune ina goge ƙarfe na ƙarshe da toka da yashi sai motar haya ta tsaya a ƙofar gidan Baba Hubert. Direban ya kamo shi ya sauko da shi a hankali. Kwanansa tara a asibiti, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Na miƙe da kwano a hannu ina murna, don in nuna masa yadda ƙarafansa suke ƙyalli.

Ya dubi kwanon. Ya daɗe yana duba.

"Kaltumi, ina kwalin?"

Na ce na hura wuta da shi, na dama masa kunu.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan tsohuwar taya a ƙarƙashin darbejiya, ya ɗauki ɗaya yana juyawa yana neman lambar da ya rubuta da alli. Babu. Na wanke ta tas.

Shekara ashirin da shida muna katanga ɗaya da shi a unguwar Yelwa, nan Garwa. Shi Kirista ne, mutumin duwatsun Mokolo, Hausarsa ta kasuwa ce. Ranar da mijina Sharif ya rasu, shi ya kafa rumfa ya jera benci. Matar Baba Hubert, Marie, ita ma ta rasu, an kai ta gida kan dutse aka binne. A tsakar gidansa akwai wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya ta zamanin Faransawa, wadda ya yi shekara talatin yana ɗauko siminti da ita daga Figil. Tun da ta mutu take zaune a kan duwatsu huɗu. Burinsa ɗaya ne: ta tashi, ya tuƙa ta da hannunsa zuwa Mokolo, ya zauna kusa da kabarin Marie har nasa lokacin ya zo.

Abin da ya hana ta tashi su ne waɗannan ƙarafan da yake kira supap. Kamar dogayen kusoshi suke masu faɗin kai, su ke buɗewa su rufe injin ya yi numfashi. Goma sha biyu take so, kuma an daina yin irinsu tun kafin in yi aure. Shekara huɗu yana haɗa su. Biyar ya kwance daga gawar wata mota a Figil, cikin ciyawa, har kunama ta harbe shi. Biyar wani direba ya tsallako masa da su gadar Kuseri. Biyu daga wani mataccen injin ban ruwa a Tcholliré, sun yi tsawo, sai da aka rage su. Sannan ya yi wata uku yana gyara kowanne da raminsa, ya huda kwali ya jera su. Ni duk ban san jerin yana da ma'ana ba.

Yana asibiti, 'yarsa Laetitia ce ta kira ni daga Duwala, ta ce mutanen coci za su zo gaishe shi, in taimaka in kwashe tarkacen nan kada a ga ƙazanta. Ita ta faɗa, amma hannuna ne ya yi.

Washegari na kai masa kunu na tarar ya sa an ɗora masa kan injin bisa benci. Ya shafa wani baƙin maiko mai tsakuwa a bakin supap ɗin, ya zura shi a rami, ya manna masa sanda mai roba a baki, ya fara murzawa tsakanin tafukansa. Bai yi minti biyu ba numfashi ya ƙwace masa. Sandar ta faɗi.

Na ɗauka na ce, "Baba Hubert, wannan ai burga miya ce."

Ya yi dariyar da ta koma tari. "To burga mu gani, ke da kika iya wanki."

Haka muka fara. Kullum in na gama tuyar ƙosai sai in zagayo. Ni ke murzawa, shi yana zaune ido a rufe yana saurara. Da farko ƙarar kamar ana taka yashi take, in ta yi laushi sai ya ɗaga yatsa. In ɗaga, in juya kaɗan, in ci gaba. In na ce ya yi, sai ya zuba kalanzir ta baya mu zuba ido ko zai yi yoyo. In ya ga ko danshi ne, sai ya ce a sake. Wani supap ɗin kwana huɗu ya ci mini. Ya ce da can kowanne ya saba da ɗakinsa, yanzu duk baƙi ne. Tafukana suka yi bororo suka fashe, matan unguwa suna tambaya ko na koma gareji ne. Ban kula su ba.

Yana ba ni labarin hanya ina murzawa: inda ake sauya giya kafin hawan dutse, da yadda Marie take jin kukan motar tun daga nesa ta ɗora tukunya. Sau ɗaya na ce ya yafe mini. Ya ce, "Murza, Kaltumi. Rana tana tafiya."

Mun gama bakwai. Ranar Talata da hantsi ina kan na takwas, ƙarar ta yi laushi, na jira ya ɗaga yatsa. Na ci gaba da murzawa ina jira. Da na ɗago, kansa ya jingina da darbejiya, ƙuda yana yawo a bayan hannunsa.

Laetitia ta iso bayan kwana biyu. Na gaya mata abin da yake so, ko gawarsa ce a kai Mokolo. Ta ce, "Mama Kaltumi, hanyar da nisa, ga zafi, kuma ranar Litinin ina da aiki." A nan Garwa suka binne shi. Kafin ta koma ta kira masu yanka ƙarfe. Na ce mata saura biyar kawai. Ta dube ni kamar na yi wani yare, ta ce ƙarfen nan ne ya cinye mata uba tun tana yarinya. Wataƙila tana da gaskiyarta. Amma a gabana suka juye bakwai ɗin da biyar ɗin cikin buhu ɗaya.

Wuni ɗaya suka yi suka yanka motar. Yanzu in na leƙa ta katanga, duwatsu huɗu ne kawai da baƙin tabon mai a tsakiya, kaji ma ba sa tona wurin. Sandar mai roba ba su ɗauka ba, don ba ƙarfe ba ce. Tana rataye a madafata, a ƙusa ɗaya da maburgina.