Ranar da Na Ce wa Yakubu Malam

Shekara ashirin da uku muna wasa ɗaya ni da Yakubu a kasuwannin ƙasar Haɗejiya, daga Kafin Hausa har Birniwa. Ni Ari, Babarbare, nakan fito a mai haye da mutane kogi a kan gora. Shi kuwa Bafillace, siriri kamar sillen kara, ya zo zai haye da saniyarsa alhali ko ruwan alwala tsoronsa yake ji. Babu saniya, babu kogi, tabarma ce kawai a tsakar kasuwa. Gishirin wasan shi ne tsiyar nan ta Barebari da Fulani da muka gada tun kaka da kakanni: in ce masa bawana, ya ce ni ne bawansa, mu yi ta yi har mata su manta da tallarsu.

A damunar da ruwa ya cinye shinkafar fadama, saura shekara uku Turawa su tafi, tari ya kama Yakubu. In ya yi, sai ya dubi hannun rigarsa ya yi maza ya naɗe. Ni kuwa ba makaho ba ne, na ga jinin.

Ana haka sai ga wani ma'aikacin gidan rediyo, Malam Abdulwahid, da akwatin ɗaukar magana. Ya ce zaren ɗaukar maganar da ya rage masa ɗaya ne, wasa ɗaya zai ci. Ranar kasuwa zai gwada mu da Musa ɗan kama, mai waƙar tuwo da miya, duk wanda ya fi sa mutane dariya a cikinmu, da muryarsa za a tafi.

Da muka rabu da shi Yakubu ya riƙe mini hannu.

"Ari, ba zan ga wata damunar ba," in ji shi. "So nake in bar muryata a bayana."

To, a nan na tafka wautar da har gobe take cina. Na ji an ce alƙalai da manyan ma'aikata za su saurara, har a Kaduna. Kunya ta kama ni. Yaya za a yi manya su ji muna kiran juna bayi, su ce mutanen Haɗejiya ba su da tarbiyya? Na ce wa Yakubu mu cire tsiyar, mu yi wasan cikin ladabi. Ya ce miya ba gishiri ke nan. Na taso masa da faɗa, don ni in na kafe ko jaki ya sallama mini. Ba shi da numfashin gardama, ya ce to.

Ranar kasuwa aka kafa akwatin a gindin tsamiya, jama'a suka yi da'ira, zare ya fara juyawa. Na gyara murya na ce, "Sannu da zuwa, Malam Yakubu, ko za a haye ne?" Ya ce ya gode. Kasuwa ta yi tsit. Na ƙara wani ladabin, ya mayar mini da wani. 'Yar'azumi mai kifi, wadda kullum sai ta yi dariya har da hawaye, ta tambayi ta kusa da ita me ya haɗa mu. Ai a wurinmu in ka ji Babarbare ya girmama Bafillace, to gaba ce ta shiga. Wani dattijo ma tasowa ya yi, ya shigo tabarmar yana ba mu haƙuri, wai shekara ashirin ba wasa ba ce, mu ji tsoron Allah mu shirya.

Malam Abdulwahid ya tsayar da akwatin, ya mayar da zaren baya, ya kira Musa. A kan muryar Yakubu aka ɗauki waƙar tuwo, ta shafe ta.

Na roƙi Malam Abdulwahid. Wallahi na durƙusa a cikin taɓo, na riƙe ƙafar wandonsa, na ce ya ba mu ko ɗan guntun da ya rage. Ya ce babu saura, kuma dole motarsu ta wuce kafin ruwa ya yanke hanya. Ina kallo aka ɗaure akwatin aka ɗora.

Na dawo na tarar da Yakubu zaune a tabarma yana haki. Na kasa haɗa ido da shi.

"Bawana," ya ce, "yau ka tabbata Babarbare. An ba ka kogi ka haye da ni, ka nutsar da ni a tudu."

Ban san lokacin da na rama ba. Ya dawo mini da wata, na sake mayarwa, ina yi ina kuka. Kasuwa ta kece da dariya, 'Yar'azumi ta kifar da kwandon kifinta, dattijon nan ya riƙe ciki. Ba mu taɓa yin wasan da ya kai na ranar ba. Ina yi ina waiwayen hanya ko motar za ta kafe a taɓo ta dawo. Ba ta kafe ba.

Yakubu ya rasu ruwa bai gama janyewa daga fadama ba.

Waƙar Musa kuwa kullum tana rediyo, mata na yin ta a bakin turmi. Ba ta fi namu ba, na rantse, ta dai samu shiga akwati ne. Ni har yanzu ranar kasuwa nakan shimfiɗa tabarmar a gindin tsamiya, in ɗaga murya in ce bawana, in saurara. Jiya wata mai nono ta tsaya ta waiga hagu da dama, ta ce, "Baba, wa kake kira?"