Ranar da Na Je Cin Gadon Rasmane

Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna wa haske, ya ce cinyar ta haɗe, kafaɗar ta haɗe, haƙarƙarin ma sun koma mazauninsu. Ya ce ƙarfen da ke cikin cinyar ba zai hana shi komai ba, in ya ga dama ya hau keke daga Wagadugu har Bobo. Da kunnena na ji, domin ni na kai Rasmane asibitin a bayan babur ɗina. Don murna har na rungume wani mai shara da ban taɓa gani ba. Shi kuwa gogan cewa ya yi, “To, na gode likita,” kamar wanda aka gaya wa ƙarfe nawa.

Sunana Selestan Towe. Da ni ma ɗan tseren keke ne, kafin tumbi ya zo ya raba ni da sana'ar. Yanzu ni ke yi wa 'yan ƙungiyarmu tausa, kuma duk cikinsu babu ƙafar da hannuna ya sani kamar ta Rasmane Nikiyema. Yaron nan da keke yake ci da iyalinsa, kuma ba a banza ake tafa masa ba. Bara a hanyar Kudugu, ana tafe a matse cikin gungu, kafaɗa na gogar kafaɗa, tayar wani ta taɓa tasa. Ya faɗi, na baya suka bi ta kansa. Ranar da na gan shi a gadon asibiti ban ɗauka zai sake taka ƙasa ba, na fita waje na yi kukana.

To ga shi ya taka. Ya ajiye sanduna, ya koma kan keke, ƙarfi ya dawo. In shi kaɗai ne a hanyar Po, babur ɗina ma sai ya yi da gaske. Amma da zarar 'yan'uwansa sun matso kusa, sai ka ga yatsunsa sun danne birki, ya zame ya koma can baya shi kaɗai. Ƙashi ya warke, tsoro ya ƙi fita. Ɗan tsere kuwa a cikin gungu yake rayuwa, nan yake fakewa daga iska, nan yake tara numfashin da zai kashe a ƙarshe.

Ilbudo, mai horar da mu, ba mutumin kwana-kwana ba ne. A gabana ya ce masa, “Babban tsere na tafe bayan damina. Ranar Lahadi ka shiga cikin 'yan'uwanka in gani, in ba haka ba rigarka ta zama ta wani.”

Rasmane ya juya ya tafi. Ya koma gida ya rataye keken a bangon ɗakinsa, ya gaya wa matarsa Zalisa cewa shi da tsere sun yi hannun riga.

Daga nan aka shiga lallashi. Wannan ya zo ya ce sannu, wancan ya ce Allah ya ƙaddara, kowa na magana ƙasa-ƙasa a gidan. Abin ya ishe ni. Ni ɗan ƙabilar Samo ne, shi Mosi, kuma duniya ta san Mosi bayinmu ne, ko da yake su ma haka suke faɗa a kanmu, ƙarya dai ba ta yi musu wuya. Taubashi, abokin wasa irina, ba ya zuwa da sannu. Ko a makabarta ne mu ke shiga kabarin Mosi mu zauna mu hana binnewa, sai 'yan makoki sun yi dariya. Duk abin da na yi masa kuma ba shi da ikon yin fushi, kakanni sun riga sun ɗaure shi. Na ƙulla dabara, na je na ga yaran ƙungiya, na ga Zalisa a kasuwa inda take sayar da yalo. Ta saurare ni har ƙarshe ta ce, “Kai dai Samo ba ka da hankali. Ƙarfe nawa za ka zo?”

Ranar Lahadi da hantsi na zura babbar rigata ta zuwa jana'iza, na tunkari gidan ina rusa kuka tun daga bakin layi.

“Wayyo ni! Bawana ya tafi! Wa zai yi mini noma bana?”

Maƙwabta suka fito a firgice. Da suka ga ni ne, sai wata tsohuwa ta ce, “Au, ɓarawon zom-kom ne,” suka biyo ni suna dariya. Na tarar da Rasmane zaune a tabarma da silifas, yana shan iska. Zalisa ta kawo ƙwaryar zom-kom, ruwan garin geron da ake tarbar baƙo da shi. Na kafa kai, ban ɗago ba sai da na ga gindin ƙwarya.

Rasmane ya ce, “Tsoho, wa ya mutu kuma?”

“Wani ɗan tsere ne a gidan nan. Yaron kirki, sai dai Mosi ne, ba laifinsa ba. Kai ɗan'uwansa ne? Kun yi kama ta wajen kunnuwa.”

Ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarsa tun fitowarmu asibiti. “Ka shanye mana zom-kom, tashi ka ba mu wuri.”

“Zan tafi, amma sai da gadona. Abin da bawa ya bari na ubangidansa ne.”

Na shige ɗakin kai tsaye na sauko da keken. Abu ba nauyi, da yatsa biyu ka ɗaga shi. Na turo shi tsakar gida, ina buga sirdin da tafin hannu.

“Selestan, mayar da shi.”

“Gawa ba ta magana. Zalisa, sannu da haƙuri.”

Ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. “Sannunmu, Samo. Me za ka yi da shi?”

“Wajen mai walda zan kai shi ya liƙa masa kariyar ɗaukar kaya a baya. Aladu zan riƙa ɗauka zuwa garinmu Toma. Wannan kan da ya lanƙwashe ma a miƙe shi, a sa mini ƙararrawa.”

Nan fa murmushin ya ɗauke. Ya miƙe tsaye. “Walda? Keken nan za ka kai wa wuta? Kai, mai cin kare, ka san abin da ka riƙe kuwa?”

Na tattare riga na cusa a wando, na haye na fice. Allah ya sani gwiwoyina sun yi ƙara, sirdin nan kuma ba don irin mazaunina aka yi shi ba. Ga keken Zalisa na zuwa kasuwa jingine a bakin ƙofa, ta ba tayoyin iska tun da safe, da kwandon yalo ɗaure a baya. Da na waiwaya daga ƙarshen layi, sai ga Rasmane a kai, da silifas, yana taka feda yana zagin kakannina ɗaya bayan ɗaya.

Na hau kwalta ina haki kamar tsohuwar jaka. Da a ce mu biyu ne da tuni ya cafke ni. Amma a mahaɗar hanyar Po yaran ƙungiya na jira cikin rigunansu, suna tafe a hankali. Suka buɗe na shige, suka rufe. Na samu kaina a tsakiya, taya gaba, taya baya, gwiwar hannu ta ko'ina.

Ina jin muryarsa daga baya. “Ku kauce! Ku ba ni ɓarawon nan!”

Babu wanda ya kauce. Wani ma cewa ya yi, “Mai yalo, bi gefen hanya, 'yan tsere na wucewa!”

Ban ga yadda ya yi ba, yaran ne suka ba ni labari daga baya. Wai ya sa kai cikin wata 'yar kafa da ba ta isa akuya wucewa ba, ya ture wannan da kafaɗa, ya goge wancan da kwando, yalo na zuba a kwalta. Ni dai abin da na sani, hannu na ji ya damƙi wuyan rigata.

“Sauka! Sauka, ɗan banzan tsoho!”

Da ƙyar na samu numfashin magana. Na ce, “Zan sauka. Amma duba inda kake tukuna.”

Ya duba dama, ya duba hagu. Tayarsa ta gaba saura ƙiris ta taɓa ta wanda ke gabansa. Ya saki rigata. Kekensa ya yi rawa, ba ka jin komai sai kukan sarƙoƙi. Idona na kan hannunsa. Na ga yatsun nan sun miƙe sun hau kan birki. Yaron da ke damansa ya ɗora masa tafin hannu a gadon baya. Muka ci gaba da tafiya a haka. Can sai na ga yatsun sun sauka ɗaya bayan ɗaya, sun koma sun riƙe kan keken.

Hawaye ke bin fuskarsa, yana dariya. Ni ma kuka nake, na gaske wannan karon, ban kuwa ji kunya ba.

Ya ce, “Allah ya isa tsakanina da Samo.”

Yaran suka kaure da ihu, har masu motoci na leƙowa. Muka tsaya a gindin wata bishiyar kuka. Ilbudo, wanda ashe yana biye da mu a babur, ya sauka ya kunce jakar da Zalisa ta ba shi: takalman tsere, hular kwano da riga. Ya miƙa wa Rasmane ya ce, “Ka makara. Sa mu tafi.”

Ya shirya, ya karɓi kekensa ya duba shi sama da ƙasa, ya goge sirdin da gefen rigata wai na ɓata shi. Sannan ya turo mini na matarsa.

“Ungo gadonka. Ka tsince mata yalonta a hanya, bawa.”

Suka hau suka miƙa kudu, gudu na gaske yanzu, a cure wuri ɗaya. Na tsaya riƙe da keken kasuwa ina kare rana da hannu. Na san zamansa a sirdi, na san yadda yake sunkuyar da kai, ko cikin dubu ina iya nuna shi. Na nema, na sake nema har suka sha kwana, ban iya ware shi daga cikinsu ba.