Ƙafar Ƙarfe a Ƙofar Sutudiyo

Tirumalayya ya riga ya sauke ƙafa ɗaya daga mota lokacin da darakta Phanindra ya iso da sauri ya dafa murfin.

"Tirumalayya garu, ranku ya daɗe, a yi haƙuri, ku ɗan dakata a ciki. Minti goma kawai. A fasa kwakwar neman albarka tukuna."

Tsohon ya mayar da ƙafarsa. Bai tambayi dalili ba, don shekara talatin da ɗaya ke nan da sanin dalilin. Fim tara ya tsara wa kiɗa, duk taran suka faɗi tun a satin farko. A ɗaya jarumin bai iya rawa ba, ɗaya ya fito ranar da guguwa ta cinye gaɓar teku, sauran kuwa labarin ne na banza. Amma a wannan sana'a tamu ba a zagin jarumi, ba a kuma zagin guguwa. Sai aka liƙa wa mai kiɗa suna: ƙafar ƙarfe, wanda in ya taka wuri ya tsiyata shi. Waƙoƙin nasa ba su mutu ba. Har gobe direbobin bas na sa su, ana rera su a bikin aure, kuma in ka tambayi wanda ya tsara su za a kira maka sunan wani babba da bai san zancen ba.

Phanindra ne kaɗai ya bi diddigi har ya samo shi a ɗaki biyu da yake zaune a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kachiguda. Yau za a ɗauki waƙar farko ta sabon fim, wadda da ita ake buɗe aiki bayan addu'a.

"Nanna, babana, mu koma gida," in ji 'yarsa Hymavathi, malamar makaranta da ta ɗauki hutun yini don ta rako shi. "Ka sa farin zanenka na siliki don ka zo ka zauna a mota kamar kaya?"

"Minti goma ya ce."

"Ya ce dai."

Direba ya kashe mota ya tafi karɓar rabonsa na alewar addu'a. Zafin Afrilu na Hyderabad ya cika motar. Ta gilashi Tirumalayya na hango furodusa Kotireddy a bakin ƙofa, zobe a kowane yatsa, kowane zobe da tauraron da yake kare shi daga gare shi. Aka fasa kwakwa, aka tafa, kowa ya shige. Ƙofa ta rufu. Minti goma ya zama arba'in, sai jar fitilar da ke saman ƙofar ta kama. An fara ɗauka ba tare da shi ba.

Kunya ce ta fara kama shi, daga baya tsoro. In ya fita ya tura ƙofar nan, Kotireddy na iya soke komai kafin la'asar. In ya zauna, wasu za su kaɗa waƙarsa yadda suka ga dama. Rigarsa ta manne a bayansa.

Wayarsa ta yi ƙara. Yadagiri ne, tsohon mai sarewa, wanda ya busa masa a fina-finan nan tara duka.

"Anna, yayana, kana raye a cikin tandun nan? Mutanen nan gudu suke da waƙarka kamar masu bin bas. Kar ka kashe, zan ba injiniya wayar ya kara ta a lasifika."

Tirumalayya ya manna wayar a kunne ya rufe ido. Sautin ya zo siriri, amma ya ji komai.

"Masu goge," ya ce, muryarsa ta sauya har Hymavathi ta juyo. "Ku jira sarewa ta gama numfashi kafin ku shigo. Ba kasuwa ba ce. Mai ganga, hannunka na hagu ya yi nauyi. Ke kuma mawaƙiya, daina yi wa kalmar nan ado. Mace ce take jiran mijinta a tashar jirgi, ba gasar waƙa ta zo ba."

Aka yi dariya a can ciki. Aka sake. Ya tsayar da su. Aka sake, ya kuma tsayarwa, yana buga awo da tafin hannu a cinyarsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A karo na biyar bai tsayar da su ba. Sarewar Yadagiri ta tashi ita kaɗai, goge suka shigo daidai inda ya so, muryar mawaƙiyar ta sauka a hankali. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Daɗi ya ji, irin wanda ya ɗauka ya manta yadda ake jinsa.

Kotireddy da kansa ya fito, Phanindra na biye da shi. Ya tsaya taku biyu daga motar, ya haɗa tafukansa a ƙirji.

"Tirumalayya garu, kun burge mu. Yadagiri ya ce waƙar da aka sa ranar aurena ma taku ce. Ban taɓa sani ba."

"Ba ku kaɗai ba," in ji Hymavathi.

Kotireddy ya yi kamar bai ji ba. "Kun ga yadda komai ya tafi lafiya? Ko wuta ba ta ɗauke ba. Malamin addu'a ya ce abin da ya yi kyau kada a taɓa shi. Sauran waƙoƙi biyar ɗin ma haka za mu yi, ku a nan, su a ciki. Sunanku kuwa zai fito a allo da manyan haruffa, shi kaɗai."

Hymavathi ta kalli daraktan. "Phanindra garu, ku ba ku da baki ne? A gidanmu cewa kuka yi ubana gwani ne da aka zalunta."

Phanindra ya kafa wa takalminsa ido.

"Nanna, fita mu tari keke. Ko kare ana barinsa ya shiga inuwa."

Tirumalayya ya dubi ƙofar sutudiyon. Taku ashirin ne, bai fi ba. Ya goge wayar a jikin zanensa.

"Ƙarfe nawa gobe?"

"Tara," in ji Kotireddy.

"To a ajiye motar ƙarƙashin darbejiyar can. A kuma gaya wa Yadagiri ya cika wayarsa da caji."

"Nanna."

"Biyar ne, Hyma," ya ce, bai dube ta ba. "Tun kina firamare suke cikin kaina."