Kaurin Takardar Taba

Taƙaitaccen bayani, yadda hukuma za ta so shi: Onelio Matos, bakanike, ɗan shekara saba'in da huɗu, ya rasu a gidansa a wani ƙauyen lardin Holguín, ba a kai shi asibiti ba saboda rashin mota. Mota kuwa akwai. Kan injinta ne ke bisa teburinsa na cin abinci.

Motar ta maƙwabcinsa Nemesio ce, ta girmi mai ita, kuma ita kaɗai ce a ƙauyen. Ta yi zafi, kan injin ya ɗan karkace. Onelio ya kwance shi ranar Litinin, ciwon ƙirji ya kwantar da shi ranar Talata. Motar asibiti, aka ce, ba mai.

"Mu ɗaura shi haka nan," in ji Nemesio. "Kilomita arba'in ne kacal."

"Jawo teburin," in ji Onelio.

Daga kwance Onelio ya aza rular ƙarfe a fuskar kan injin, ya zura takardar naɗa taba ta ƙarƙashi. Ta wuce salin-alin.

"Ka gani? Inda takarda ta bi, ruwa zai bi. Sai mu tsaya tsakiyar gonar rake, ni da ciwona, kai da wautarka."

"Tsoho, ji numfashinka fa."

"Nawa ne. Kusoshin ka wanke su da kananzir, za su ƙara yi. Gaskit ɗin nan mai toshe tsakanin kai da jikin injin kuwa, aurensa uku, a sallame shi."

Nemesio ya dubi Zoraida, matar gidan, ko za ta sa baki.

"Shekara arba'in ban taɓa cin sa a gardama ba, maƙwabci. Ka goga kawai."

Nemesio ya ciro gilashin tagarsa, ya manna masa samfefa, ya duƙufa yana goga fuskar kan injin a kai don ta miƙe. Laraba takarda ta wuce. Ran Alhamis takardar ta wuce da ƙyar; Onelio ya girgiza kai, bai iya magana ba. Hantsin Juma'a takardar ta cije. Nemesio ya waiwaya zai faɗa masa, sai ya ga Zoraida ta daina yi wa mijinta fifita, ta ajiye mafici a cinya.

Ranar Asabar motar ta tashi bugu ɗaya. Ta ɗauki akwatin gawa har maƙabarta, ba ta ɗigar da ruwa ko kaɗan ba.

Abin da aikin ya ci: samfefa tara, gilashin taga ɗaya, fatar yatsu huɗu, kwana uku, takardar taba shida. Ta ƙarshen tana aljihun Nemesio.